Tarihin Edoardo Bianchi, Sarkin Maƙeran Keke

Sau da yawa idan aka ce wa ɗalibi ya rubuta tarihin wani mashahurin mutum, sai ya ɗauko sarki, ko mayaƙi, ko wani shaihin malami. Ba laifi ba ne, don kuwa ƙasar Katsina ba ta rasa irin waɗannan ba, tun daga kan Korau har zuwa Sarki Dikko. Amma ni a wannan karo na ga ya kamata in ratse daga wannan turba, in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labarin wani mutum wanda bai taɓa jan runduna ba, bai kuma taɓa naɗa rawani ba. Maƙeri ne, Bature, mutumin ƙasar Italiya, sunansa Edoardo Bianchi. Biyanki ake faɗin sunan, domin su mutanen Italiya in sun rubuta ch a irin wannan wuri, to k suke nufi. Da gyare-gyare ya fara, irin gyaran nan da muke gani kullum a gindin bishiya a bakin kasuwar Dutsin-Ma. Ya kuwa mutu ya bar kamfanin da ake lissafa shi mafi tsufa cikin kamfanonin ƙera keke da ke aiki har yanzu a duniya.

An haife shi a birnin Milan, can arewacin Italiya, ran 17 ga watan Yuli, 1865. Don mai karatu ya gane nisan zamanin, a lokacin Dallazawa ke riƙe da sarautar Katsina, saura shekara 38 Turawa su iso ƙofar gari. A cikin wannan shekara ce kuma aka haifi Sarki Muhammadu Dikko. Ashe ke nan su biyun tsara ne, ɗaya ya shahara wajen dawaki, ɗaya wajen dokin ƙarfe. Ita kanta Italiya a sa'an nan jaririyar ƙasa ce, domin sai a 1861 aka tattara ƙananan masarautunta aka yi musu sarki guda.

Yaron bai daɗe yana more gata ba. Tun yana ƙarami ƙwarai ya zama maraya. A nan ƙasarmu in haka ta faru, sai kawu ko baffa ya jawo yaro ya haɗa da nasa. Shi kuwa sai aka kai shi wani gidan marayu da ke Milan mai suna Martinitt. Gidan nan tsoho ne ainun, tun wajen 1532 wani mai hidimar addinin Kirista, Girolamo Emiliani, ya kafa shi. Ba a tsaya ga ciyar da yara da tufatar da su kaɗai ba. Ana koya musu karatu da rubutu, sa'an nan kowane yaro tilas ya kama sana'a, yadda ran da ya bar gidan zai iya ciyar da kansa. Mu da muke makarantar kwana mun san ɗan abin da ake nufi da tashi da ƙararrawa da karɓar abinci a layi, amma fa mu in an yi hutu muna da gidan komawa. Su babu. Duk da haka gidan ya fid da mutanen da aka ji sunansu, kamar Angelo Rizzoli wanda ya kafa babban kamfanin buga littattafai, da Leonardo Del Vecchio mai ƙera tabarau, wanda ya mutu a 2022 yana cikin manyan attajiran Italiya.

Edoardo aikin ƙarfe ya kama, tun yana wajen shekara 8. Wanda duk ya taɓa tsayawa a maƙera ya san abin da yaro ke farawa da shi, watau zuga wuta, da miƙa awartaki, da guga da magagari har hannu ya yi kanta. Ya yi shekaru cikin wannan hali. A 1885, yana ɗan shekara 20, ya buɗe ɗan shagonsa a lamba 7, titin Nirone, cikin Milan. Ba shagon keke ba ne zalla. Kome aka kawo na ƙarfe yana taɓawa, da kayan aikin likita, da ƙararrawar ƙofa, da keken guragu, da kuma kekunan zamanin in sun lalace.

A nan sai in ɗan tsaya, don keken wancan zamani ba irin wanda muka sani ba ne. Tayarsa ta gaba ƙatuwa ce, takan kai ƙirjin babban mutum ko ta wuce, ta baya kuwa 'yar ƙarama kamar faifai. Dalili shi ne ba shi da sarƙa. Feda a jikin tayar gaba take, saboda haka in ka juya ƙafa sau ɗaya, taya ta juya sau ɗaya. Wanda ke son gudu ba shi da wata dabara sai ya ƙara wa tayar girma. Mahayi yana can sama kamar mai raƙumi, da ya ci karo da dutse sai ya wuntsila ta ka. Tayoyin kuma roba ce tsagwaronta, babu iska a ciki. Sai samari masu ƙarfin hali da kuɗi ke hawansa. Tsoho da mace da manomi ba su da rabo a ciki.

Sarƙa ce ta warware wannan. In aka sa faranti mai haƙora 48 a wajen feda, aka sa mai haƙora 16 a tayar baya, aka haɗa su da sarƙa, to juyin ƙafa ɗaya zai juya taya sau uku. Shi ke nan, ba sauran bukatar ƙatuwar taya. Sai a yi tayoyi biyu daidai da juna, mahayi ya sauko kusa da ƙasa inda ƙafarsa za ta iya dafawa. Gaskiya ɗaya ce, ba Bianchi ne ya ƙago wannan ba, ko da yake wasu masu yabonsa sukan so su ba shi. Wani Baturen Ingila ne, John Kemp Starley, ya fito da irin wannan keke mai suna Rover a garin Coventry a 1885. Haka kuma tayar da ake hura wa iska, wani likitan dabbobi ne mai suna John Boyd Dunlop ya yi wa ɗansa ita a Belfast, ya yi mata rajista a 1888. Abin da Bianchi ya yi shi ne ya gane amfanin abubuwan nan biyu tun sauran maƙeran garinsu suna kallonsu a wasa. Yana cikin na farkon da suka ƙera keke mai tayoyi daidai a Italiya, a 1888 kuma ya sa wa kekunansa tayar iska. A ganina gyaran da ya sha yi ne ya buɗe masa ido. Mutumin da kullum ake kawo masa abu a karye, shi ya fi kowa sanin inda abin yake karyewa, da abin da ke karya shi. Ya kuma yi sa'ar maƙwabci, domin kamfanin roba na Pirelli a nan Milan yake tun 1872.

Shago ya yi masa kaɗan, ya koma babba, ya ɗauki ma'aikata. Ana nan a 1895 sai aka aiko masa daga fada. Sarauniya Margherita, matar Sarki Umberto na Ɗaya, tana so ta koyi hawan keke. Bianchi ya ƙera mata nata na musamman, irin wanda ba shi da sandar nan ta sama, saboda doguwar rigar mata. Kowa ya san sandar da nake nufi, ita ce wadda ƙananan yara ke zura ƙafa ta ƙarƙashinta in sun saci keken babansu. Ya tafi gidan sarautar da ke garin Monza, kusa da Milan, ya koya mata da kansa. Ku duba fa, yaron gidan marayu ne riƙe da sirdin matar sarki don kada ta faɗi. Bayan wannan aka ba shi iznin kiran kansa mai yi wa gidan sarauta kaya, manyan mata kuwa da suka ga uwargijiyarsu a kan keke sai kowace ta ce ita ma sai ta hau.

Akwai wani launi da aka san kekunan Bianchi da shi, tsakanin shuɗi da kore, fari-fari, wanda suke kira celeste, watau na sararin sama. Labaru uku ake bayarwa game da asalinsa. Wasu sun ce launin idon sarauniyar ne, wasu sun ce launin samaniyar Milan ne, wasu kuma sun ce ba kome ba ne illa ragowar fentin soja da aka samu da araha aka sirka shi da fari. Ni dai na ukun ya fi kwanta mini, don ya fi kama da halin mai sana'a. Tambarinsa kuwa mikiya ce da kambi a ka.

To, yanzu mu zo kan tsere, wanda shi ne ya kai sunansa nesa. Bianchi ya lura da abu biyu. Na farko, ba tallar da ta kai a ce wane ya ci tsere a kan kekenka. Na biyu, ba gwajin da ya kai a ba ƙaƙƙarfan mutum keke ya yi ta dukansa a kan duwatsu wuni guda. In akwai aibi, a ran nan zai fito. A 1899 wani mahayinsa, Giovanni Tomaselli, ya ci babban tseren birnin Faris, ya kunyata Faransawa a gidansu. A 1909 wata jaridar wasanni ta Milan, La Gazzetta dello Sport, ta shirya tseren zagaya ƙasa da ake kira Giro d'Italia. Na farkon ya kai kilomita 2,448, aka raba shi zango 8, wani magini mai suna Luigi Ganna ya cinye, amma ba a kan keken Bianchi ba. Sai a 1911 Carlo Galetti ya ci wa Bianchi, Gaetano Belloni ya sake ci masa a 1920.

Mene ne bambancin keken tsere da namu na gida? Kakana a Kurfi yana da wani tsohon Raleigh, wanda shi Rali yake ce masa, ya girme mahaifina a gidan. Yana da kariya, da madigadi, da gidan sarƙa, da ƙararrawa, nauyinsa ya doshi kilo 20, ya kuma sha ɗaukar buhun gero daga gona bai taɓa kuka ba. An yi shi ne don kaya da haƙuri, kamar jaki. Keken tsere kuwa an yi shi ne don gudu kawai, kamar dokin sukuwa. An cire masa duk abin da ba tilas ba, tayoyinsa sirara kamar yatsa, kansa a lanƙwashe ƙasa don mahayi ya duƙa ya tsaga iska. Na ƙarfe mai kyau bai cika wuce kilo 10 ba. Amma ƙashin jikinsu iri ɗaya ne, yadda ake haɗa shi ma kusan ɗaya ne, nan ne kuwa gwanintar take.

In ka tuɓe wa keke tayoyi da sirdi da sarƙa, abin da zai rage bututun ƙarfe ne guda takwas da aka haɗa suka ba da alwatika biyu, sai kuma ƙafafu biyu masu riƙe tayar gaba. An zaɓi alwatika ne saboda ita ce siffar da ba ta lanƙwashewa in an danne ta. Maƙeran Italiya ba walda suke yi wa bututun nan irin ta masu ƙofa da taga ba. A kowace mahaɗa akwai wata 'yar gwiwa ta ƙarfe mai baki biyu ko fiye, wadda ake zura bakin bututu a ciki. Sai a gasa wurin da wuta har ya yi ja, a kawo sandar tagulla a dangwala. Tagulla tana narkewa tun ƙarfe bai narke ba, sai ta tsiyaya ta bi ɗan siririn tsakanin da ke akwai ta cika shi, kamar yadda kananzir ke bin lagwani. In ta huce, sun zama abu guda. Wanda ke da tsohon Raleigh ko Phoenix a gida ya je ya duba ƙarƙashin sirdi da wuyan keken, zai ga gwiwoyin nan da idonsa. Abin da wuya a nan shi ne sanin wuta. In ta yi kaɗan tagulla ba za ta ratsa ba, wata rana a gangara mahaɗar ta buɗe. In ta yi yawa ƙarfen ya ƙone ya yi rauni, ba kuwa mai ganewa sai ran da ya karye. Ba agogo ke gaya wa maƙeri ba, launin ƙarfen yake kallo.

Su kansu bututun akwai dabara a cikinsu wadda ido ba ya gani. A bakinsu, inda wuta za ta taɓa kuma inda nauyi ke taruwa, suna da kauri. A tsakiya kuwa an sirantar da su har ba su kai kaurin milimita ɗaya ba. Kamfanin Reynolds na Ingila ne ya yi wa wannan dabara rajista a 1897, daga baya wani mutumin Milan, Angelo Luigi Colombo, wanda ya kafa masana'antar bututu a 1919, ya shiga yin irinsu da sunan Columbus. Kafin a yanka bututu ko ɗaya, sai an auna mahayin kamar yadda tela ke auna mai riga, tsawon ƙafa, da na hannu, da na gadon baya. Bayan an haɗa, sai a zauna da magagari a yi ta gugar gwiwoyin har su yi sumul, a ɗora a kan teburin ƙarfe a tabbata babu karkata ko ta tsinin allura. Keken da ya karkace, kome ƙarfin mahayi, rabin wahalarsa a banza take tafiya.

Da na karanta wannan sai na tuna da yadda muke yi a nan. In an shiga darasin aikin ƙarfe ko na katako, da yawa daga cikinmu sai mu riƙa noƙewa, wai kada hannu ya yi baƙi. Kowa likita, kowa lauya, kowa babban sakatare. Wasu iyayen ma in yaro ya ce gyaran keke ko na babur yake sha'awa, sai a ce ya lalace. Alhali kuwa mai gyaran da ke bakin tasha, wanda zai ɗauki wilin da ya murɗe ya yi ta ɗaure wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya har ya miƙe, da ido da kunne kawai, ba ƙaramin lissafi ke kansa ba. Bambancinsa da Bianchi ba a hannu yake ba. Shi Bianchi ya iya karatu da zane, ya kuma tashi a garin da mai bututu da mai roba da mai fenti duk suna kusa da juna. Mu kuwa mai karatu daban, mai hannu daban, ba su cika gaisawa ba.

Mu koma kan labarinmu. Bianchi bai tsaya ga keke ba. Kafin 1900 ya fara ɗaura wa keke inji, daga nan ya shiga ƙera babur sosai, da mota. Ya gina babbar masana'anta a titin Abruzzi. A 1914 kaɗai an ƙera keke 45,000, da babur 1,500, da mota 1,000. Babban direban tseren nan Tazio Nuvolari ma a kan babur ɗin Bianchi ya fara yin suna.

Yaƙi ma ya ci da shi, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Akwai wata rundunar sojan Italiya da ake kira Bersaglieri, masu sa gashin tsuntsu a hula, waɗanda aka san su da sauri. Bianchi ya ƙera musu wani keke da ake naɗewa biyu a goya a baya in an zo inda ba hanya. Tayoyinsa ba na iska ba ne, don soja ba shi da lokacin faci, sai aka sa masa abin rage girgiza gaba da baya, da wurin rataya bindiga. Da shi suka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda Italiya ta faɗa cikinsa a 1915. A Yaƙi na Biyu kuma masana'antar ta yi wa sojojin Mussolini manyan motoci. Wanda ya sayar wa yaƙi kaya, wata rana yaƙin zai zo karɓar sauran. A watan Agusta, 1943, jiragen Ingila suka yi wa Milan ruwan bama-bamai, masana'antar titin Abruzzi tana cikin abin da ya rushe. Tsohon yana da shekara 78. Aikin da ya fara tun yana saurayi ya zama toka da tarkacen ƙarfe.

Bai nade hannu ba. Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka shiga gini, aka kuma koma ga abin da aka fara da shi, domin a ƙasar da ba mai, ba mota, gadoji sun karye, keke shi ne abin hawan kowa. A nan ne kamfanin ya ɗauki wani mahayi wanda ba a iya ba da tarihin Bianchi a tsallake shi, watau Fausto Coppi. Ɗan manoma ne daga wani ƙauye mai suna Castellania, an haife shi a 1919. Yaron mahauci ne a da, yana kai wa mutane nama a kan keke. Ya ci Giro a 1940 yana da shekara 20, sa'an nan aka ɗauke shi soja, Ingilishi suka kama shi a Tunisiya a 1943, ya zauna fursuna har ƙarshen yaƙi. Ya komo a rame, siriri kamar zalɓe.

Ran 19 ga watan Maris, 1946, aka yi tseren Milan zuwa San Remo, mai tsawon kilomita 293, na farko bayan yaƙi, a kan hanyoyin da bam ya farfasa. Coppi yana kan keken Bianchi, da riga mai launin samaniya. A hawan wani dutse da ake kira Turchino ya yar da na ƙarshen masu binsa, ya yi sauran tafiyar shi kaɗai, wajen kilomita 147. Wannan ya fi a ce mutum ya tashi daga Dutsin-Ma ya bi ta Kurfi ya taɓa Katsina ya juyo gida bai sauka ba. Ya riga na biyu, wani Bafaranshe mai suna Lucien Teisseire, da minti 14. Har ana ba da labari cewa mai sanarwa a rediyo da ya faɗi isowarsa sai ya rasa abin cewa, aka saki kiɗa ana jiran saura. Mutanen da yaƙi ya karya wa zuciya suka fito bakin hanya suna ihu.

Wannan ita ce babbar nasara ta ƙarshe da Edoardo ya gani. Ran 2 ga watan Yuni na wannan shekara mutanen Italiya suka jefa ƙuri'a suka kawar da sarautar da ya taɓa yi wa keke. Wata guda bayan haka, ran 3 ga Yuli, 1946, ya mutu a garin Varese sakamakon haɗarin mota, saura mako biyu ya cika shekara 81. A ran nan mahayansa suna kan hanya ana tsakiyar Giro, wanda aka gama bayan kwana huɗu, Gino Bartali ya riga Coppi da daƙiƙa 47 kacal. Ɗansa Giuseppe ya gaji kamfanin. Daga baya, a 1955, aka haɗa sashen mota da Fiat da Pirelli aka yi Autobianchi.

Abin da ya biyo bayan mutuwarsa ya fi abin da ya gani. Coppi ya ci Giro sau huɗu a kan Bianchi, a 1947 da 1949 da 1952 da 1953. A 1949 ya haɗa da babban tseren Faransa a shekara guda, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa, ya kuma maimaita a 1952. Ƙarshensa kuwa ya shafe mu nan Afirka ta Yamma. A watan Disamba, 1959, aka gayyace shi da wasu mahayan Faransa zuwa ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso, suka yi tsere a Wagadugu, suka tafi farauta. Sauro ya cije su. Da suka koma gida, shi da abokinsa Raphaël Géminiani duk suka kwanta. Likitocin Faransa suka gano zazzaɓin cizon sauro ne, suka ba Géminiani kwini, ya tashi. Na Italiya suka ɗauka wani ciwo ne na mura da ƙirji. Coppi ya mutu ran 2 ga Janairu, 1960, a asibitin Tortona, yana da shekara 40. Ciwon da kowace uwa a Kurfi za ta gane da taɓa goshin yaro, shi ya kashe gwanin da duwatsun Turai suka kasa.

A cikin shekarun nan ne kuma ƙananan maƙera suka yi ta tsiro a arewacin Italiya, kowa da shagonsa da yaransa. Cino Cinelli, wanda ya taɓa yi wa Bianchi tsere har ya ci Milan zuwa San Remo a 1943, ya ajiye hawa ya kama ƙira. Faliero Masi ya buɗe shagonsa a ƙarƙashin filin tseren Vigorelli a Milan. Ugo De Rosa ya fara a 1953. Ernesto Colnago ya shiga koyon aiki a wata masana'antar keke yana da shekara 13, daga baya shi ya ƙera keken da Eddy Merckx, mutumin Beljiyam, ya yi kilomita 49.431 cikin sa'a guda a kansa a birnin Meziko a 1972. A garin Vicenza kuwa akwai Tullio Campagnolo, wanda aka ce sanyi ya taɓa ƙandarar masa da yatsu a wani tsere ya kasa kwance notin taya, haushin haka ya sa ya ƙago maɗaurin da ake buɗewa da hannu ɗaya ba sifana. Kusan dukansu ba wanda ya yi karatu mai zurfi. A gaban wuta suka koya.

Zamanin ƙarfe a fagen tsere ya wuce. Lokacin da Marco Pantani ya ci Giro da tseren Faransa a kan Bianchi a 1998, kekensa na alminiyam ne, na yanzu kuwa da zaren kabon ake yin su. Kamfanin ya bar Milan ya koma garin Treviglio, a 1997 kuma wani kamfani na ƙasar Suwidin ya saye shi, amma ba a taɓa sunan ba, ba a taɓa launin ba. Tsofaffin kekunan ƙarfen kuwa ba su shiga bola ba. Masu sha'awa suna bin su gida-gida suna saye, su kankare tsatsa, su sake fenti. Tun 1997 ake yin wani taro kowace kaka a ƙauyen Gaiole, a yankin Chianti, mai suna L'Eroica, inda dubban mutane ke zuwa daga ƙasashe dabam-dabam. Sharaɗin shiga shi ne kekenka ya zama ƙirar 1987 ko kafin haka, ko kuwa wanda aka yi a kan wancan fasali. Sukan sa rigunan ulu irin na su Coppi, su bi hanyoyin burji masu farar ƙura tun kafin gari ya waye, wanda tayarsa ta fashe kuwa shi zai zauna a bakin hanya ya gyara abinsa.